Motar da Aka Ce Tana Gani da Kanta, a Cikin Hazon Zariya

A 'yan shekarun nan wata irin mota ta fara yawaita a titunan Zariya, musamman a kan hanyar nan da ta taso daga PZ ta ratsa Hanwa da Kwangila da Palladan ta nufi Samaru da Shika, wadda in ka tsaya wurin masu sayar da motoci ka tambayi dalilin da ya sa kuɗinta ya ɗara na 'yar'uwarta, alhali ƙirarsu ɗaya injinsu ɗaya, sai dillali ya dafa ta ya ce maka, "Alhaji, ai wannan tana gani da kanta, tana taka birki da kanta, ko gyangyaɗi ka yi ita za ta tashe ka." Ba ƙarya ya shara ɗungum ba, gama lalle akwai na'urori a jikinta waɗanda aka yi domin wannan aiki. Amma ya faɗi rabin magana ya bar rabi, kuma rabin da ya bari shi ne wanda ya shafi rayukan mutane. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne cewa idanun motar nan sukan dushe a daidai lokacin da idon direba yake dushewa, watau cikin hazo da ruwan sama da duhu da hasken rana mai kashe ido, kuma wanda ya sayi irinta a ƙasar nan bai san haka ba, ya fi wanda ke tuƙa tsohuwar Peugeot kusa da haɗari.

Asalin yadda suka zo mana ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 2016 kamfanoni 20 masu ƙera motoci suka yi alkawari da hukumomin Amurka cewa kafin watan Satumba na 2022 kusan kowace sabuwar ƙaramar mota da za su sayar a can za ta zo da birkin gaggawa mai kama kansa. Kamfanin Toyota, wanda motocinsa suka fi cika garuruwanmu, ya fara fitar da nasa tsarin tun 2015, ya kuwa sanya shi a cikin Corolla da Camry na kasuwar Amurka ba da daɗewa ba. Tarayyar Turai ita ma ta wajabta shi, ga sababbin ƙira daga Yulin 2022, ga dukkan sababbin motoci daga Yulin 2024. Tun da yake mu a nan akasarinmu tokumbo muke saye, wadda ta yi shekara biyar ko takwas a hannun wani kafin ta sauka a Legas ko Kwatano, to yanzu ne zubin motocin nan ya iso gare mu, kuma kowace shekara sai ƙaruwa zai yi.

Ba na cikin masu raina wannan hikima, kuma adalci ya wajabta a faɗi fa'idarta. Cibiyar nan ta kamfanonin inshora a Amurka mai binciken haɗarin hanya, wadda ake kira IIHS, ta duba bayanan haɗura masu ɗimbin yawa ta gano cewa motocin da ke da birkin nan sun rage buga wa mota ta baya da kimanin kashi 50 cikin 100. Duk wanda ya taɓa ganin yadda a-daidaita-sahu ke tsayawa ba sigina a gaban mota don ya ɗauki fasinja a ƙarƙashin gadar Kwangila ya san abin da rabin daƙiƙa ke iya tserarwa. Ni'ima ce, kuma ba a yi wa ni'ima butulci. Sai dai kowace ni'ima ta hannun ɗan Adam tana da sharaɗinta, sharaɗin wannan kuwa shi ne ta ga abin da ke gabanta.

To, da me take gani? Abubuwa uku ne a mafi yawan motocin da ke zuwa mana. Akwai kyamara a manne da gilashin gaba ta ciki, a bayan madubin tsakiya, ita ce ke rarrabe mutum da mota, ita ce kuma ke bin farin zanen titi. Akwai rada, wadda galibi take ɓoye a bayan tambarin kamfani na gaban mota ko cikin bamba, tana harba igiyar rediyo ta jira ta dawo, ta haka take auna nisan abin da ke gaba da saurinsa. Sa'an nan akwai 'yan maɓallan nan masu da'ira a jikin bamba, waɗanda ke aiki da amo, ba su wuce 'yan mitoci kaɗan ba, aikinsu taimakon fakin ne kawai. Ƙaramar kwamfuta ce ke tattara abin da suka kawo ta yanke hukunci, ko ta yi ƙara, ko ta ja sitiyari, ko ta danne birki.

Sai mu zo ga hunturu, wanda shi ne mas'alarmu ta musamman. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tsohon gindin wani babban tafki da ya ƙafe, ta ɗauko ta tafiyar fiye da kilomita 1,000 ta zube mana, har a wayi gari wanda ke tsaye a Hanwa ba ya iya hangen ƙarshen layinsu, rana kuwa ta zama farar tasa a sama wadda ake iya kallo ba ƙyaftawa. A irin waɗannan ranaku hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, takan yi shela cewa hangen nesa zai faɗo ƙasa da mita 1,000 a wasu jihohin Arewa, wani lokaci ma ƙasa da haka nesa. Kyamarar mota ba ta da wata basira ta daban da ta wuce haske. Abin da take nema a cikin hoto shi ne iyaka, watau inda baƙi ya rabu da fari, inda jikin mota ya rabu da sararin sama, inda zane ya rabu da kwalta. Hazo kuwa aikinsa ke nan share iyakoki, domin ƙwayoyin ƙurar suna watsa haske ta kowace fuska har komai ya koma launi ɗaya, toka-toka. Farar bas da ta sha ƙura, a kan titi mai ƙura, a ƙarƙashin sama mai ƙura, sai ta matso ƙwarai kafin kyamara ta tabbatar cewa mota ce. Dattijo mai farar riga da rawani da ya fito daga masallaci da asuba zai tsallaka titi, haka nan. Mota mai gudun kilomita 100 a awa kuwa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, saboda haka jinkirin daƙiƙa biyu wurin ganewa ya cinye fiye da mita 50 na filin tsayawa.

Mai ilimin abin zai ce mini ai rada ba ta damu da hazo ba, kuma gaskiya ya faɗa. Tsawon igiyarta kimanin milimita 4 ne, ƙwayar ƙurar hunturu kuwa ta fi haka ƙanƙanta ninkin ba ninkin, don haka igiyar takan ratsa ta wuce. Amma rada tana da nata rauni wanda yanayin hanyoyinmu ke tonawa. Ta iya gane cewa akwai abu a gaba, ba ta iya faɗin ko mene ne da kyau ba, kuma domin kada mota ta riƙa danne birki a banza duk lokacin da ta hangi allon hanya ko ƙarfen gada, masu ƙira sun koya wa tsarin ya yi taka-tsantsan da abubuwan da ke tsaye cik, musamman in ana gudu sosai, ya nemi kyamara ta gaskata tukuna. Littattafan da ke zuwa tare da motocin sun faɗi wannan a fili. To, abin da ke tsaye cik kuwa yakan kashe mutane a hanyar Zariya zuwa Kano ko Funtuwa. Tirela ce ta lalace a tsakiyar hanya, ba fitila ba alama, sai 'yan rassan ganye da yaron mota ya jera a baya. Rada ta ji ta amma tana shakka, kyamarar da za ta yanke shakkar kuwa hazo ya rufe mata ido.

Akwai kuma ƙurar da ke kwanciya a jikin gilashi, wadda duk mai mota a Zariya ya san ta. Da safe za ka ga yaron gida ya ɗauko busasshen tsumma ya karkaɗe motar, ya goge daidai inda direba zai leƙa, ya bar saman gilashin inda hannunsa bai kai ba, nan ne kuwa kyamara take. Maigida ya shiga ya kunna waifa a bushe domin tankin ruwanta ya daɗe da ƙafewa, robar ta ja yashi a kan gilashi ta bar siraran zane waɗanda ba a gani sai rana ta yi ƙasa. In la'asar sakaliya ta yi, ya taso daga Sabon Gari ya nufi Samaru rana na fuskarsa, sai kowane zane ya kama wuta, gilashin ya zama farin allo. Shi zai sauke mayafin rana ya runtse ido ya lallaɓa, kyamara kuwa ba ta da mayafi. Kada a ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A watan Mayu na 2016, a jihar Florida ta Amurka, wata mota ƙirar Tesla da ke tafiya bisa tsarinta na taimakon tuƙi ta shige ƙarƙashin wata tirela da ta gitta hanya, direban ya rasu, kamfanin kuwa ya bayyana cewa daga motar har direban babu wanda ya lura da farin jikin tirelar a cikin hasken sama, ba a taka birki ba ko kaɗan. Ba hazo ba ruwa ranar, haske kawai.

Bazara ma tana da nata rabon. Motar da aka ajiye a rana a watan Afrilu, a bakin kasuwar Sabon Gari, zafin da ke taruwa a bayan gilashinta ya wuce na waje da nisa, kyamara kuwa takan kashe kanta har sai ta huce. Wani ɗan rubutu da Turanci ya fito a allon gaban direba na ɗan lokaci ya ɓace, direba ya hau titi yana zaton mai gadinsa na farke.

Game da damina akwai gwaji na zahiri wanda ya kamata kowa ya ji. A shekarar 2021 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta ɗauki motoci 4 ta kai su filin gwaji, ta riƙa fesa wa gilashinsu ruwa kwatankwacin ruwan sama matsakaici zuwa mai ƙarfi, ta tunkari wata motar gwaji da ke tsaye. A gudun kilomita 40 a awa an yi karo a kashi 17 cikin 100 na gwaje-gwajen, a gudun kilomita 56 kuwa an yi karo a kashi 33, watau sau ɗaya cikin kowane uku. Tsarin da ke riƙe mota a cikin layinta ya bar ta ta fita a kashi 69. Wannan fa a fili ne mai shara, mai zane sabo, ba rami ba akuya. Mai karatu ya kwatanta da marka ta watan Agusta a Zariya, inda ruwan shekara ya kai kimanin milimita 1,000 kuma kusan dukkansa cikin wata biyar yake zuba, lokacin da kwalbati ke toshewa ruwa ya hau kwalta, tanka ta wuce ta watsa maka jan caɓi tun daga bamba har rufi. A nan rada ma takan raunana, domin ruwa yana shanye igiyarta, kuma jiƙaƙƙen taɓo da ya lulluɓe tambarin gaba ya isa ya rage mata nisa ko ya toshe ta. 'Yan maɓallan bamba su kuma su kama kuka ba dalili, har direba ya gaji ya nemi yadda zai kashe komai ya huta.

Duhu kuwa tilas a ambace shi ko da a taƙaice, gama cibiyar IIHS ta gano a 2022 cewa tsarin gane masu tafiya a ƙasa ya rage buge mutane da kashi 27 cikin 100 in an haɗa lissafi, amma a hanyar da ba fitilu da dare bai nuna wani bambanci ba. Hanyoyinmu nawa ne ke da fitilu masu ci? Nawa ne ke da zane? A cikin unguwanni babu, a manyan tituna kuwa inda aka yi shi yashi yakan rufe na gefe, rana da taya su cinye na tsakiya, wani wurin kuma tsohon zane da sabo su haɗu inda aka karkatar da hanya saboda aiki, mota ta rasa wanda za ta bi.

Wata illa kuma daga hannunmu take fitowa. Da yawa daga motocin da ake shigowa da su sun taɓa yin haɗari a can, shi ya sa aka same su da araha a wurin gwanjo, kuma gaban mota shi ne ya fi shan duka, nan ne kuwa rada take zaune. Mai gyaran jiki ya buga ya miƙe, ya shafa foti ya fesa fenti, mota ta fito tana ƙyalli. Amma rada tana bukatar a saita ta da na'ura bayan an taɓa mazauninta, haka ma kyamara bayan an sauya gilashi, domin karkacewar digiri ɗaya tak takan zama kaucewar kusan mita 2 a nisan mita 100, watau tana duban layin maƙwabci tana zaton nata ne. Na tsaya a wani gareji na ji mai mota yana ƙorafi kan wata wuta mai ruwan ɗorawa da ta ƙi mutuwa a allonsa, sai mai gyaran wayar mota ya ce masa, "Oga, wannan ba komai ba ce, na Turawa ne, bari in goge maka ita." Ya jona 'yar na'urarsa ya goge, mai mota ya biya yana godiya. Ban zargi makanikin da mugunta ba, abin da aka koya masa ke nan, kuma abin da mai mota ya nema ke nan. Amma wutar nan ita kaɗai ce hanyar da motar ke da ita ta faɗa wa mai ita cewa ta makance.

Malaman fiƙihu sun sharɗanta wa mai shaida cewa ya faɗi abin da ya gani da idonsa bisa yaƙini, kuma ba a gina hukunci kan shirun wanda bai halarci wuri ba. Na'urar nan shaida ce, ba alƙali ba. In ta yi ƙara, a saurare ta, domin mai yiwuwa ta ga abin da ka gafala da shi. In ta yi shiru kuwa, shirunta yana iya nufin ba komai a gaba, yana kuma iya nufin ba ta gani, kuma direba ba shi da hanyar rarrabewa daga kujerarsa. Nan ne babban haɗarin yake, domin ɗabi'ar ɗan Adam ce in abu ya yi masa aiki daidai wata shida sai ya saki jiki. Mutumin da motarsa ta tsaya masa da kanta sau biyu a cikin kaka, lokacin da sama take garau, zai shiga hunturu ƙafarsa ta yi nisa da birki, idonsa na kan waya, ya ƙara gudun da a dā ba zai yi ba. Wanda ke tuƙa tsohuwar mota ya san ba shi da mataimaki, shi ya sa in hazo ya sauka yakan rage wuta ya kunna fitila ya riƙe sitiyari hannu bibbiyu.

Kuma a tuna cewa nauyin rai ba ya sauka daga wuyan mutum don ya wakilta ƙarfe. Shari'a ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, azumin wata biyu a jere kuwa direba ne zai yi shi. Kamfanonin da kansu sun rubuta a littattafan motocin cewa waɗannan tsare-tsare taimako ne kawai, cewa suna iya gazawa cikin ruwa da hazo da ƙura da hasken rana, cewa direba shi ke da alhakin tuƙi a kowane hali. Sai dai littafin da Turanci yake, yawancin tokumbo ma ba ta zuwa da shi, saboda haka gargaɗin ya tsaya a Amurka, motar kaɗai ta iso. Malamanmu kullum suna karantar da cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, to sababin farko a kan hanya shi ne ido da hankali da rage gudu.

Mutanen Hanwa da Palladan suna da darasi a saman kansu. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke nan, wadda aka kafa a 1964, ƙananan jiragenta suna shawagi a kan rufinmu muna jin kukansu. A wannan sana'a, duk da na'urorin da suka fi na kowace mota tsada da inganci, akwai ƙa'ida rubutacciya ta mafi ƙarancin hangen nesa da za a tashi ko a sauka da shi, in bai kai ba a haƙura, shi ya sa kowane hunturu ake jin an jinkirta ko an soke tashin jirage a Kano da Kaduna. Matuƙin jirgi kuma tun yana ɗalibi ake koya masa yadda kowace na'ura ke gazawa da alamar gazawarta, kafin a yarda ya dogara da ita. Direban mota a ƙasar nan ana miƙa masa makulli ne kawai.

Saboda haka ina ganin akwai haƙƙi a wuyan mutane da dama. Dillali ya faɗi cikakkiyar magana, domin ɓoye aibin haja algus ne, ya kuma bayyana ko an taɓa gaban motar. Mai mota ya sa a wanke saman gilashi da tambarin gaba da ruwa kowace safiya a hunturu, ya cika tankin waifa, ya guji liƙa takarda ko ɗaura ƙarfen kariya a gaban rada, kada kuma ya yarda a goge masa wutar gargaɗi ba a gano dalilinta ba. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, wadda tun kafuwarta a 1988 take shiga tashoshi tana wa'azi kan gudu da taya a ƙarshen kowace shekara, ta ƙara wannan babi a cikin wa'azinta, da Hausa, a rediyo. Hukumomin ayyuka kuwa su lissafa fentin titi cikin kayan ceton rai, su riƙa sabunta shi suna share yashin gefe.

Amma babban kirana ga malamanmu na Zariya ne. A Basawa akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya tun 1986, a Samaru akwai Jami'ar Ahmadu Bello da tsangayarta ta injiniya, tsakaninsu tafiyar mintoci ce. Gwaje-gwajen da na ambata duk na ƙasashen da damuwarsu ruwa ce da ƙanƙara da duhu, ƙurar Bodele kuwa a kanmu take sauka, mu ya kamata mu auna ta. Abin da ake bukata bai fi ƙarfinsu ba: Corolla da Camry da Honda irin waɗanda ke kasuwa, wata da aka saita wata da ta fito daga hannun mai gyaran jiki, mutum-mutumin soso a sa masa farar riga da hula, kwatancin bayan tirela da na a-daidaita-sahu, fili mai tsawo, da ma'aunin hangen nesa. A yi gwajin a watan Janairu ranar da hazo ya yi kauri, a maimaita shi a Agusta, a rubuta a wane nisa kowace mota ta gane abin da ke gabanta kuma a wane gudu ta kasa tsayawa. Sa'an nan a buga sakamakon da Hausa, a kai shi ga ƙungiyoyin direbobi da na makanikai da na dillalan motoci, a kuma buɗe wa masu gyaran wayar mota na Sabon Gari da Samaru ɗan gajeren kwas na saita rada da kyamara, da takardar shaida da mai mota zai iya nema ya gani kafin ya ba da motarsa.